Abin da na koya wajen mayar da tsohon siton kuza wurin ajiya

Duk mai bin hanyar Jos zuwa Bukuru ya san irin gine-ginen nan dogaye masu tsayin rufi, waɗanda kwanonsu ya yi tsatsa, ciyawa ta cinye harabarsu. Da dama ragowar zamanin kuza ne, sana'ar da ta riga ta fara ja da baya kafin farashinta ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Ɗaya daga cikinsu wani Alhaji ya karɓa haya ta shekaru masu yawa, ya ɗauke ni in tsaya a kan aikin yanka shi ɗaki-ɗaki, kowa ya kama nasa, ya sa kwaɗonsa, ya tafi da makullinsa, yana biya duk wata.

Masu buƙata kuwa ba sai an neme su ba. Tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, 'yan kasuwa da yawa suka koma bakin titi da ƙananan shagunan da ba su da sito. Mutum zai sauke dilolin gwanjo ko katon-katon na takalma, ya rasa inda za su kwana.

Alhaji ya so a fara da jera bulo, tunda ɗakunan ne za su kawo kuɗi. Injiniyan da muka ɗauko ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni da rufi tukuna." Da tsakar rana ya shigar da mu ciki, ya sa aka rufe ƙofofi, ya ce mu ɗaga kai. Sai ga haske yana tsiyayowa ta ƙananan huji ko ta ina, kamar ta rariya. Duk inda ɗigon haske ya sauka a daɓe, yaronsa ya zagaye shi da alli. Kafin la'asar daɓen ya cika da zane. Wanda ya san ruwan Jos, daga Afrilu har Oktoba, ga iska ga ƙanƙara wani lokacin, ya san abin da kowane zagaye zai yi wa dilar atamfa. Ranar na gane abin da za mu sayar wa mutane: su dawo su tarar da kayansu a bushe, yadda suka bar su. Faɗin ɗaki yana bayan wannan.

Wani ɓangaren rufin na asbesto ne, wanda ƙurarsa in ta shiga huhu takan haifar da ciwon daji bayan shekaru masu yawa. An jiƙa shi da ruwa, aka kwance shi falle-falle ba tare da an fasa ba, ma'aikata da takunkumi a fuska. Maƙwabta suka yi ta zuwa neman a ba su su rufe akurkin kaji. Muka hana, wasu har suka ji haushi. Haka muka yi da birkila a kan tulin yashin wankin kuza da ke bayan ginin. Shi yana ganin yashi kyauta na buga bulo, alhali irin wannan ragowar a Filato tana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tiririn da ke cutar da jiki a hankali, ba a gani, ba a jin wari. Sai da muka sayi yashin rafi, tifa bayan tifa, kuɗin yana ciwo.

Daɓen ma an gwada shi. Aka shimfiɗa leda, aka liƙe gefunanta, aka bar ta ta kwana. Inda aka ɗaga aka ga gumi a ƙarƙashi, danshi na tasowa daga ƙasa ke nan. Nan aka sake zuba siminti a kan leda mai kauri, kuma kowane ɗaki aka sa masa katakon ɗora kaya, don kada buhu ko katon ya taɓa ƙasa. Bangayen ɗakunan ba su kai rufi ba, an rufe samansu da ragar ƙarfe iska ta riƙa zagayawa.

Takardun canza amfanin gini daga hukumar raya birnin Jos sun ɗauki lokaci, amma a neme su kafin a aza bulo ɗaya. Faɗin lungu kuwa 'yan dako suka yanke mana shi: muka sa su tura amalanke cike da kaya su juya, inda ta juya ba ta gogi bango ba, nan muka ja layi. Ƙananan ɗakuna suka riga manya ƙarewa, har ɗaliban jami'a suna haɗa kuɗi su kama ɗaya su zuba katifu da littattafai in za a tafi dogon hutu.

A kan wuta ba mu yi sassauci ba, domin mafi yawan masu zuwa mana sun san gobara da idonsu. Babu soket a kowane ɗaki, fitilun sola a lunguna kawai suke. Fetur, tukunyar gas, takin zamani da batir ba sa shiga. Hatsi ma mun hana, kuma a nan aka fi jayayya. Wata Hajiya ta ce, "Ɗana, buhun masara goma ne fa kacal." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ɓeran da masararki za ta kira, lesin maƙwabciyarki zai ci."

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne amana. Ajiya ba baƙuwar aba ba ce a wurinmu. Fatake sun daɗe suna sauka gidan fatoma su bar masa kaya, shi ya san su, su sun san shi. Mu kuwa muna karɓar kayan wanda ba mu san asalinsa ba, don haka rijista ce take tsaya mana a matsayin sanayya: suna, hoto, katin shaida, da sunan wanda aka yarda ya buɗe in mai ɗaki ba ya nan. Ba ma riƙe makullin kowa. Yaro zai zo ya ce, "Malam, yayana ne ya aiko ni," ga makulli a hannunsa, amma in sunansa ba ya cikin littafi sai an kira yayan a waya an ji daga bakinsa. Da farko ana ganin tsaurin ya yi yawa. Daga baya su masu ɗakunan ne suke kawo mana abokansu saboda shi.

A Jos akwai ƙarin wani abu. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwanni, har akwai inda mutum ba ya son yamma ta yi masa. Wurin ajiya kuwa dole ya zama inda mai shago Musulmi da mai shago Kirista duk za su shigo da mota hankali kwance. Shi ya sa muka ɗauki masu gadi daga ɓangarorin biyu, muka kai gaisuwa wurin mai unguwa da limami da fasto kafin mu buɗe ƙofa. Ina ganin wannan ya tsare ginin fiye da katanga da waya.

Mafi nauyi a kaina har yanzu shi ne ɗakin da aka daina biya. Wani kasuwa ce ta karye masa, wani ciwo ne, wani rasuwa ya yi, magada ba su ma san da ajiyar ba. Yarjejeniya ta ba mu damar fasa kwaɗo bayan wa'adi, amma ba ma yi sai mun nemi dangi, kuma sai a gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta komai ɗaya bayan ɗaya. In na mamaci ne, Alhaji yakan yafe bashin hayar, a miƙa kayan ga magada su shiga rabon gado.