Daga Centerton zuwa Terre Haute, Bin Sawun Malam John Wooden

Wanda ya bar birnin Indianapolis ya nausa kudu maso yamma a kan hanya mai lamba 67, ba zai yi nisa ba gidaje za su ja baya, gonakin masara da na waken soya su cika gefen titi hagu da dama. Ta nan muka bi ni da yayana, wanda ya daɗe yana zaune a jihar Indiyana. Shi ke tuƙi. Tun da na ce masa ina son ganin inda John Wooden, shahararren kocin ƙwallon kwando, ya tashi yake mamakina.

"Ƙanena, mutumin nan fa a Kalifoniya ya yi suna. Me za ka gani a ƙauye?"

Na ce masa, "Yaya, malamin nake nema. Kocin kowa ya san shi."

Ni ma malamin makaranta ne, kuma idan an tashi daga aji ni ke tsayawa da yara a filin ƙwallon kwando. Duk mai bin wannan wasa ya san cewa Wooden ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 10 da ƙungiyar jami'ar UCLA ta birnin Los Angeles a Kalifoniya tsakanin 1964 da 1975, bakwai daga ciki a jere, kuma yaransa sun taɓa yin wasa 88 ba a doke su ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yana da shekara 53 ya ɗaga kofin farko, a kakarsa ta 16 a jami'ar. Kafin wannan akwai dogon zango na alli da allo da duba littattafan ɗalibai, kuma shi ya fito da ni.

Centerton ƙaramin wuri ne a gundumar Morgan, idan direba ya shagala da hira sai ya wuce shi bai sani ba. Gidajen katako ne jefi-jefi, da coci, da makarantar firamare, sai gonaki har iyakar gani. A wannan gunduma aka haifi Wooden ranar 14 ga Oktoba, 1910, kuma a 1918 iyayensa suka koma wata gona a nan Centerton, gidan da babu lantarki babu famfo. Kwandonsa na farko kwandon tumatir ne da mahaifinsa, Joshua, ya fasa wa gindi ya kafa a ɗakin ajiyar ciyawa. Ƙwallon kuwa mahaifiyarsa ce ta cusa tsummokara a tsohuwar safa ta ɗinke.

Mun tsaya a gefen hanya, na fito ina kallon filayen. Iska ce kawai ke kaɗa busasshen karan masara. A nan na ba Yaya labarin Joshua Wooden, manomin da yake karanta wa 'ya'yansa waƙoƙi da dare a hasken fitila. Ya ba su dokoki uku-uku: kada ka yi ƙarya, kada ka yi cuta, kada ka yi sata, kada ka yi raki, kada ka yi ƙorafi, kada ka kawo uzuri. Ranar da John ya gama firamare, uban ya miƙa masa 'yar takarda mai nasihohi bakwai, ciki har da riƙe gaskiya, taimakon mutane, yawan karanta littattafai masu amfani, da gode wa Allah kullum. Takardar nan ta zauna a walat ɗinsa har ya tsufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma Joshua bai tsaya ga baki ba. Lokacin da wata gurɓatacciyar allurar rigakafi ta kashe masa aladu, gonar ta suɓuce daga hannunsa, bai zargi kowa ba. Ya kwashi iyalinsa ya koma Martinsville ya kama aiki a ɗaya daga cikin gidajen jinyar da ake wankan ruwan ma'adinai. A ganina darasin da ya fi shiga jikin yaron ke nan, domin da idonsa ya ga uban ya yi asara bai yi ƙorafi ba.

Martinsville tafiyar 'yan mintoci ce daga nan, a tsallaken kogin White River. Tsakiyar garin ginin kotu ne na jan bulo, kantuna sun kewaye shi. Muka ajiye mota muka taka zuwa tsohon zauren wasan sakandaren garin, wanda aka gina a 1924, yanzu kuma yake ɗauke da sunan Glenn Curtis, kocin da ya horar da Wooden. Lokacin da aka buɗe shi, kujerun cikinsa sun haura 5,000, sun fi mutanen garin duka yawa. Yaya ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon ginin, ya ce lallai mutanen Indiyana ba da wasa suka ɗauki wasan nan ba. A wannan zaure Wooden ya yi ƙuruciyarsa ta wasa. Ƙungiyar garin ta kai wasan ƙarshe na jiha shekara uku a jere, ta ci kofin a 1927. Makarantar da ke maƙwabtaka da zauren sunansa take amsawa yau.

A wannan gari kuma ya haɗu da Nellie Riley. Tana cikin masu busa a ƙungiyar badujala ta makarantar, kuma kafin a fara kowane wasa sai ya ɗaga kai ya nemo ta cikin jama'a sun haɗa ido. Bai bar wannan ɗabi'a ba har ya yi ritaya. Sun yi aure a 1932, shekarar da ya kammala digirinsa na Ingilishi a jami'ar Purdue, ana gab da bikin kuma banki ya durƙushe da ɗan abin da ya tara. Allah ya ba su 'ya'ya biyu, mace da namiji. Sun yi kusan shekara 53 tare kafin cutar daji ta ɗauke ta ranar 21 ga Maris, 1985. Daga nan, duk ranar 21 ga wata sai ya rubuta mata wasiƙa, ya ninke, ya ɗora a kan matashinta tare da na baya. Ya rayu shekara 25 bayanta bai sake aure ba, ya rasu ranar 4 ga Yuni, 2010, yana da shekara 99. Da na gama wannan bayani Yaya bai ce uffan ba sai da muka koma mota, sannan ya ɗauko waya ya kira matarsa ya tambaye ta lafiyar yara.

Daga Martinsville muka gangara zuwa Spencer, muka karya yamma a kan hanya mai lamba 46. Ƙasar nan ta fi ta baya tuddai da itatuwa, titin yana ta lanƙwasa. Hirarmu ta koma kan shekarun aji. Wooden ya fara koyarwa a sakandaren Dayton ta jihar Kentaki, inda a kakarsa ta farko ya ci wasa 6 aka ci shi 11, kuma ita kaɗai ce kakar da ya gama da rashin nasara ta fi nasara yawa a duk rayuwarsa ta horarwa. Daga can ya dawo Indiana, garin South Bend, ya yi shekara tara yana koyar da Ingilishi da safe, yana horar da yara da yamma. Shekara 11 ke nan a sakandare, ya ci wasa 218 aka ci shi 42, sannan ya shiga sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Duk abin da ya yi a UCLA daga baya, hannun malamin aji ne a ciki. Yakan tsara atisayen kowace rana a kan ƙananan katuna, minti bayan minti, kamar yadda muke rubuta tsarin darasi. Ranar farko ta kowace kaka kuwa ba a taɓa ƙwallo sai ya zaunar da samarin, har da fitattun 'yan wasa irin su Lew Alcindor, wanda ya koma Kareem Abdul-Jabbar, da Bill Walton, ya nuna musu yadda ake sa safa. A ja ta sama sosai, a shafa ta wajen ɗan ƙaramin yatsa da diddige kada a bar ko ƙanƙanin tattara, sannan a ɗaure igiyar takalmi rami bayan rami, a yi mata ƙulli biyu. Dalilinsa a fili yake: tattarar safa na kawo bororo, mai bororo kuma ba ya gudu yadda ya kamata. Yaya ya yi dariya ya ce ƙattin da suka fi shi tsawo nesa ba kusa ba yake koya wa sa safa? Na ce masa duk malamin da ya taɓa ganin yaro ya faɗi jarrabawa saboda bai iya riƙe biro daidai ba, ya san abin da mutumin nan yake yi.

La'asar ta yi muka shiga Terre Haute, garin da ke bakin kogin Wabash. A gaban zauren Hulman Center na jami'ar Indiana State akwai dogon mutum-mutumin Larry Bird, fitaccen ɗan wasan da ya kai jami'ar wasan ƙarshe na ƙasa a 1979, kuma a nan Yaya ya dage sai na ɗauke shi hoto. Dandamalin wasan da ke cikin zauren an sa masa sunan Nellie da John Wooden a 2008, sunanta a gaba, kamar yadda aka yi a UCLA a 2003.

Wooden ya yi kaka biyu kacal a nan, daga 1946 zuwa 1948, lokacin makarantar tana kwalejin horar da malamai. A 1947 aka gayyaci ƙungiyarsa wata gasar ƙasa a Kansas City, gasar da ba ta yarda baƙar fata ya taka fili ba. A cikin yaransa akwai Clarence Walker, baƙar fata ɗan East Chicago, wanda ba ya ma cikin biyar na farko. Wooden ya ƙi zuwa. Mutum ne da ya girma a Indiyana ta shekarun 1920, lokacin da ƙungiyar Ku Klux Klan ta fararen fata masu ƙin jinin baƙaƙe ke cin karenta babu babbaka a jihar, ga shi sabon koci mai neman suna, amma ya bar gasar ta wuce. Shekarar da ta biyo aka sauya dokar, Walker ya je ya yi wasa, ya zama baƙar fata na farko a irin wannan gasa ta kwalejoji, ko da yake ba a bar shi ya kwana a otal ɗin da abokansa suka sauka ba. Sun kai wasan ƙarshe, jami'ar Louisville ta doke su.

A shekarar ce jami'o'i biyu suka neme shi. Ransa da na Nellie sun fi kwantawa da Minnesota, domin ba sa son nisa da gida. Ranar da aka yi za a kira shi, guguwar dusar ƙanƙara ta hana mutanen Minnesota samun layin tarho a kan lokaci. UCLA ta kira, ya amsa mata. Jim kaɗan kiran Minnesota ya shigo da duk abin da ya nema, ya ce musu ya riga ya ba da kalmarsa.

Rana ta kusa faɗuwa muka hau babbar hanya mai lamba 70 muka nufi gabas. Yaya, wanda da safe yake tambayata me zan gani a ƙauye, shi ne ya fara lissafin yadda za mu je South Bend kafin hutuna ya ƙare, ya ce kuma a wannan karon da babban ɗansa za mu tafi.