Mako na 14 a shagon ɗinki: tsarin teburina bayan ɗinkin Sallah

'Yan'uwana masu koyon ɗinki, assalamu alaikum. Yau mako 14 ke nan da na fara gyara tsarin wurin aikina a shagon maigidana da ke Agege, kuma na ga ya dace in rubuto muku abin da ya tsaya da ƙafarsa da abin da ya rushe, domin makonni uku na ƙarshe sun faɗo ne cikin ɗinkin Babbar Sallah, lokacin da tela ba ya samun sukunin ɗaga kai daga kan keke.

Masu bin wannan rubutu za su tuna cewa na ɗauko dabarar ne daga tsarin masana'antun Japan da ake kira 5S, wanda aka fi danganta shi da kamfanin Toyota. Matakai biyar ne: a ware kayan amfani daga tarkace, a ba kowane kaya mazauninsa, a tsaftace wuri, a mayar da hakan ƙa'ida, sannan a ɗore a kai. Ukun farko Lahadi ɗaya suka ci mini. Na fitar da ƙyallaye buhu biyu daga ƙarƙashin teburin yanka, na jera zare launi-launi, na kuma kafa ƙusoshi a jikin allo inda na zana siffar almakashi da tef ɗin awo, ta yadda da zarar ɗaya ya ɓace ido zai ga gurbinsa. Mataki na biyar, wanda Japanawa ke kira shitsuke, shi ne inda gizo ke saƙar.

Abin da ya fara mutuwa shi ne takardar da na manna a bango mai ɗauke da ayyuka tara na kowace safiya. Ko mako guda na cunkoso ba ta kai ba, kuma yanzu na gane cewa yawanta ne ya kashe ta, domin wanda ya kwana kan keke har ƙarfe biyu na dare ba zai tashi ya bi jerin abu tara ba. Abin da ya rayu kuwa shi ne minti goma na kafin Magariba. Na ɗaure gyaran tebur da kiran sallar masallacin da ke bayanmu: kafin ladan ya kira, in mayar da almakashi da allurai da alli wurarensu, in share ƙasan keke, sannan in yi alwala. Tunda sallar ba ta tsallake rana, gyaran ma bai tsallake ba, sai sau biyu kacal.

Ɗaya daga cikin ranakun nan biyu ta ja mini asara. Shadda fara guda biyu ta mutum biyu suka cakuɗe a tebur, na yanka ta wani da awon wani, sai da maigidana ya sayi sabon yadi ya biya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi tunanin watsar da tsarin gaba ɗaya. Abin da ya riƙe ni shi ne binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, wanda ya fito a 2009: sun bi mutum 96 masu ƙoƙarin koyon sabuwar ɗabi'a, suka tarar a matsakaici tana ɗaukar kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu 18, wasu har 254, kuma kuskuren rana ɗaya ba ya rusa ginin. Washegari na koma, na kuma ƙara abu guda: duk yadin da aka kawo, sai in yanki ɗan ƙyalle daga gefensa in maƙala a shafin littafin awo, kusa da sunan mai shi da ranar karɓa.

Ga waɗanda suka taso a Kano ko Katsina kamar ni, ku sani cewa abokin gabarmu a can ƙura ce, a nan Legas kuwa danshi ne, musamman a watan Yuni da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa. Almakashin da ya kwana kusa da taga yakan wayi gari da tsatsa, yadin da aka jibge a ƙasa kuma ya yi funfuna. Saboda haka na saka shafa wa almakashi man keke cikin minti goman nan, yadudduka kuma suka koma saman kanta. Na kuma ware kwando ɗaya na kayan da ke jiran guga da aikin wuya, domin idan aka kawo wuta kada a ɓata rabin lokacin wajen neman su.

Maigidana ya duba allon ranar Asabar, ya ce mini: "Yaro, tsarin da kai kaɗai ka san kansa, ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ya tashi aiki." Don haka tun jiya na fara nuna wa ƙannena biyu na shago yadda ake cika littafin awo, kuma Magaribar Talata da ta Alhamis su ne za su gyara tebur ina kallo. Ranar Litinin zan shiga kasuwar Balogun sayen zare, kuma a karon farko zan tafi da lissafin launukan da suka ƙare a rubuce. Wanda ke da dabarar adana ƙananan ƙyallaye ba tare da sun sake cika ƙarƙashin tebur ba, ina roƙon ya sanar da ni, domin buhu ɗaya ya riga ya kusa cika.