Carat ko karat: darussa daga takardun masu gwal

Darasi mafi tsada ga mai fassara rasit da takardun kayan ƙawa yana cikin kalmomin Turanci biyu da harafi ɗaya ya raba. Carat awon nauyin dutse ne, miligiram 200, wato biyar ke cika giram guda. Karat kuwa tsabtar zinari yake nunawa, bisa kashi 24. Gwal mai karat 18, kashi 75 cikin ɗari ne zinari, shi ya sa ake buga masa hatimin 750. Mai 21, irin wanda aka saba sayowa daga Saudiyya da Dubai, 875 ne, mai 22 kuma 916. Inda gizo ke saƙar shi ne a Ingila da harafin c ake rubuta duka biyun, Amurkawa ne suka ware k ga zinari. Idan takarda ta ce 18 carat, sai a tsaya a duba, zoben ake nufi ko dutsen da ke kansa? Daimon mai wannan nauyin giram 3.6 ne, kuma ba kayan lefe ba ne.

Gem dutse ne mai daraja, yawanci wanda aka yanka aka goge. Jewel ya fi karkata ga dutsen da aka riga aka ɗora a zobe ko kambin sarauta. Amma agogon da aka rubuta wa 17 jewels ba ado ake nufi ba, ƙananan yakutu ne na masana'anta da aka sa a cikin injinsa don rage gogayya.

Jewellery shi ne kayan gaba ɗaya, sarƙa da 'yan kunne da awarwaro, kuma ba ya ɗaukar jam'i. Wanda ya rubuta jewelleries ya yi kuskure, guda ɗaya sai a ce a piece of jewellery. Ornament a bakin Bature ya fi nufin abin da ake ajiyewa a kanta ko falo.

Namu ma akwai tarko. Lu'ulu'u a Hausa yakan tsaya wa pearl, yakan tsaya wa diamond, alhali na farko a cikin kawar teku yake samuwa, na biyu haƙo shi ake yi. A takardar kuɗi gara a rubuta daimon kai tsaye. Haka gold plated, ruwan gwal ne kawai aka yi wa wani ƙarfe, ba a sayensa da kuɗin giram.