Sakamako ya fito, an sake ɗora wa yaranmu laifi

Jiya sakamakon jarrabawar jiha ya fito, gundumar makarantunmu ta sake zuwa can ƙasa a karatu da lissafi, tun safe nake jin masu cewa wai yaran ne ba sa ja, wai iyaye ba su damu ba. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai.

'Yata tana aji huɗu a makarantar gwamnati nan Amurka, kuma duk Laraba ina shiga ajinsu in ɗan taimaka, don haka ba labari aka ba ni ba. Malamarsu ta yanzu ita ce ta uku a shekarar nan, biyun farko sun koma inda albashi ya fi tsoka, kowacce ta zo sai an faro daga farko kafin ma ta riƙe sunayen yaran. Littafin karatu yara biyu ke haɗa kai a kan guda ɗaya, bangonsa ya yage an liƙe da salatif, fensir da takarda kuwa malamar da kuɗin aljihunta take saye. Akwai wani yaro kusa da taga, duk lokacin sanyi bai taɓa cire jaket ba saboda hitar ɓangaren ta mutu, hannunsa a cikin aljihu, to da wane hannun zai yi rubutu don Allah?

Abin da mutane ba sa son faɗa shi ne babban kaso na kuɗin makaranta a ƙasar nan daga harajin gidaje yake fitowa, unguwar da gidajenta ke da tsada makarantarta ta ji daɗi, ta talakawa kuma sai haƙuri. Gwamnatin tarayya abin da take sakawa wajen kashi 10 cikin 100 ne kacal, har da tallafin Title I da aka kafa a 1965 zamanin shugaba Lyndon Johnson domin 'ya'yan marasa ƙarfi. Iyaye a San Antonio ta jihar Texas sun kai ƙarar wannan tsarin har Kotun Ƙoli, a 1973 alƙalai 5 suka ce bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba, 4 suka ce ya saɓa, shikenan aka ci gaba a haka.

Amma jarrabawa iri ɗaya ake ba kowa, a jera maki a jarida kamar tare aka tashi tseren.

Wata mai zuwa hukumar makarantun gundumar za ta zauna kan kasafin kuɗi, na riga na roƙi malama ta ara min littafin nan mai salatif, da shi zan je in Allah Ya yarda.