Albam Ɗin Da Ya Ƙi Rufuwa

Albam na farko da na haɗa da hannuna har yau bai rufu ba. Na yi shi ne saboda hotunan mahaifiyata, guda ashirin da 'yan kai, waɗanda suka daɗe cikin wata tsohuwar ambulan har gefunansu suka fara naɗewa. Kwana tara ina kansa. Ranar da na gama, tun ban sa hoto ko ɗaya ba, rufuwa yake yi lafiya lau, bango ya kwanta a kan shafuka. Da na manna hotunan, na ƙara furannin takarda da kintinkiri da 'yan aljihuna, sai bakinsa ya wangame, bayansa ya matse. Na danne shi da manyan littattafai ya kwana a haka. Da safe na tarar furannin sun baje, shafi na biyu kuma ya yage daga gindi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don burina shi ne ta riƙe shi a hannu, ta buɗe ta rufe yadda take so ba tare da tsoron zai lalace ba.

Sai da na zauna da rula na gane inda na kuskure. Na auna albam ɗin ne yana wofi. Shafi takwas na cusa cikin gadon baya mai faɗin santimita 2, na manta kowane hoto yana da kauri, takardar da ake shimfiɗa masa a ƙasa ita ma tana da nata, balle fure da aljihu da abin da za a zura cikin aljihun. Bakin albam yana iya buɗewa ya karɓi kaya, gadon baya kuwa ba ya miƙewa. Abin da ka ba shi ranar yanka, shi ke nan.

Tun daga lokacin, da gadon baya nake fara kowane aiki, kafin ma in zaɓi launi. Idan hotunan masu santimita 10 da 15 ne, girman da aka fi wanke hoto a kai, nakan yanka shafi 12 da 17, bango kuma 13 da 18 don ya ɗan rufe bakin shafukan. Shafi biyar sun ishi ƙaramin albam, tunda kowanne fuska biyu gare shi. Abin da ke riƙe su wata takarda ce mai kauri da ake ninkewa ta fito da haƙarƙari a jere, kowane shafi ya hau ɗaya. Nakan bar milimita 8 a farko, in ja layi a milimita 12, in sake jan wani a 12, sannan in bar 8, in maimaita har sau biyar. Biyun nan masu 12 su ake ninkewa a manne baya da baya su miƙe tsaye. Takwas ɗin kuwa ita ce tazarar da ke tsakanin shafi da shafi, ita ce ɗakin da hoto da adonsa za su zauna. Tazara huɗu a tsakiya, ɗaya a kowane gefe, shida ke nan. 8 sau shida 48, don haka gadon baya ya zama santimita 5. Farkon ganinsa za ka ce faɗin ya yi yawa, shafukan suna reto kamar ba su san juna ba. Bari a cika shi tukuna. A lokacin ne zai rufu daidai, baki da baya kauri ɗaya.

Abu na biyu ya fi ɓuya, kuma shi ya fi sauya mini aiki. Takarda tana da jijiya, kamar katako. Tun daga injin da Bafaranshen nan Louis-Nicolas Robert ya yi wa rajista a 1799, wanda 'yan'uwa biyu masu suna Fourdrinier suka zuba kuɗi aka inganta a Ingila, ana kwarara niƙaƙƙen zare da ruwa ne a kan raga mai tafiya, sai yawancin zarurrukan su kwanta suna kallon inda ragar ta nufa. Shi ya sa in ka ninke takarda ka bi jijiyar, ninkin yakan fito sumul. In ka gitta ta, musamman mai kauri, sai fatar ta tsattsage, farin da ke ciki ya leƙo. Na daɗe ina ɗora laifin wannan tsattsagewar a kan takardar, ina cewa ba ta da kyau, ashe ni ne nake ninke ta inda ba ta so.

Gano jijiyar ba wuya. Nakan lanƙwasa takardar a hankali ta tsawo, sannan ta faɗi, ba tare da na karya ta ba. Ɓangaren da ya fi saurin yarda, layin lanƙwasarsa jijiyar ta bi. In ina shakka, sai in yanki ɗan guntu in shafa masa ruwa a fuska ɗaya. Zai naɗe kamar bututu, tsawon bututun shi ne hanyar jijiya. Ƙa'idar masu ɗinkin littafi ita ce komai ya bi gadon baya: kwalin bango, takardar rufi, shafuka, takardar haƙarƙari, duk jijiyarsu ta tashi daga sama zuwa ƙasa. Dalilin danshi ne. Takarda in ta sha ruwa, ta gicciye take kumbura, ta tsawon jijiya ba ta cika motsi ba. To in ka manna biyu, ɗaya ta kalli gabas ɗaya ta kalli kudu, kowacce za ta ja nata, bangon ya murɗe. Wannan ƙa'idar tana cin takarda, gaskiya ce, domin wani lokaci shafi ɗaya kawai za ka samu a inda da ka gitta za ka sami biyu. Na yarda da asarar. Ragowar ma ba ta tafiya banza.

Maganar danshi ita ta kai ni ga gam. Farin gam, wanda ake kira PVA, shi nake amfani da shi a bango, amma da ruwa a cikinsa, don haka yawansa illa ne. Da burushi nake shafa shi, siriri, daga tsakiya zuwa gefe. Kuma duk kwalin da aka rufe wa fuska ɗaya sai ya lanƙwashe ya bi wannan fuskar yayin bushewa, har sai an manna wata takardar a ɗaya fuskar ta ja shi ya dawo. Bayan haka in sa takarda mai santsi wadda gam ba ya kamawa a tsakani, in danne da nauyi ya kwana. Nan ne haƙuri yake gaza mini a farko, in ɗaga in leƙa bayan awa ɗaya, in sake leƙawa, ƙarshe sauri ya haifi nawa. A haƙarƙari da aljihuna kuwa tef mai gam fuska biyu ya fi, tunda ba ruwa a jikinsa, sai dai ba ya yafiya: inda ya taɓa, nan ya zauna. Dabarar da na koya ita ce in ɓare ɗan kaɗan daga takardar bayansa, in daidaita shafin sosai, sannan in zare sauran a hankali daga ƙasa. Gam ɗin sanda da ake murzawa, na daina ba shi amanar duk wani abu da zai riƙa motsi. Aljihuna uku na albam ɗina na farko da shi na manna, ba su yi shekara ba suka saki.

Shi ma bango tazara yake so. Kwali mai kaurin milimita 2 nake yanka gida uku, gaba da baya da tsakiya, in jera su kan takardar rufi da tazarar milimita 4 a tsakaninsu, wato ninki biyu na kaurin kwalin. In ka haɗa su gam da gam, ranar da ka rufe albam ɗin takardar za ta fashe a kan layin. A kusurwa, in za a datse takardar rufi a karkace, sai a bar kamar milimita 3 daga bakin kwalin, in ba haka ba hancin kwalin zai fito tsirara. Wurin yanka, wuƙa mai kaifi da rular ƙarfe, a bi layi sau uku ko huɗu da hannu mara nauyi. Wanda ya danna da ƙarfi don ya gama a bugu ɗaya shi ne wuƙa take zame wa. Kafin kowane ninki a ja layi da abu mai santsi mara kaifi. Akwai ɗan ƙashin da aka yi don haka, amma na daɗe ina yi da biron da tawadarsa ta ƙare, kuma ya yi mini aiki.

Akwai abin da ban sani ba sai da na kusa yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ba kowace takarda ce ta dace ta zauna jikin hoto ba. Duba jarida in ta kwana biyu a rana, yadda take komawa ruwan ɗorawa ta yi ƙarmas. Wani sinadari ne na itace, liginin, da ba a cire daga cikinta ba, ga kuma asid da ke cin zarenta a hankali. Irin wannan takarda in ta daɗe manne da hoto, sai ta shafa masa. Haka salatif na yau da kullum: bayan shekaru robar ta ɓare, gam ɗin ya bar tabo mai duhu wanda ba ya fita. Yanzu takardar da aka rubuta ba ta da asid ba ta da liginin nake nema. Akwai ma'aunin duniya na takarda mai daɗewa, ISO 9706, alamarsa kamar 8 a kwance cikin da'ira, akwai kuma gwaji na musamman don kayan da za su taɓa hoto, ISO 18916. Tsohon hoton da babu irinsa kuwa ba na sa masa gam ko ɗigo. Ko dai in riƙe shi da 'yan kusurwoyin takarda guda huɗu yadda za a iya zare shi, ko in ɗauki kwafinsa a wanke sabo, asalin ya koma ma'aji. Da na zo ɓamɓare hotunan mahaifiyata daga albam na farko, biyu sun bar fatar bayansu a jikin shafi, a bayan ɗaya kuma akwai rubutun hannun mahaifinta. Rabin rubutun ya tafi. Wannan har yanzu ina jin sa a raina.

Game da ado, ra'ayina ya sauya sosai, kuma na san ba kowa ne zai yarda da ni ba. Ina ganin albam da yawa masu ban sha'awa, murfi kan murfi, aljihu cikin aljihu, maganaɗisu a ɓoye, shafin da in ka ja harshe ɗaya hotuna su riƙa juyewa bi da bi. Na yi su duka, da daɗin yi kuwa. Amma nakan tambayi kaina, in an buɗe shafin nan, ina ido zai fara sauka? In a kan fure ne, to furen ya yi yawa. Launi uku sun ishe ni a albam guda, biyu masu sanyi, ɗaya mai ɗan ƙarfi, kuma daga cikin hotunan nake tsamo su. Ado mai tudu a bangon waje nake sa shi, inda ba abin da zai danne shi. Maganaɗisu kuma in za a sa, a fara haɗa biyun su kama juna kafin a manna, don in ka juya ɗaya, murfin turewa zai riƙa yi maimakon kamawa. A kuma binne su sosai ƙarƙashin takarda, domin ƙananan nan masu ƙarfi haɗari ne babba in yaro ya haɗiye.

Guntayen da suka rage su suka buɗe mini wasu ƙofofin. Siraran, masu faɗin milimita 3, nakan naɗe su a kan tsinke su zama ganye da furanni na katin gaisuwa. Masu tsawo nakan ninke su gaba da baya su zama ɗan littafi mai miƙewa, irin wanda a Japan ake kira orihon, wanda aka daɗe ana rubuta littattafan addinin Buddha a kansa. Duk mai son farawa, da wannan nake ba shi shawara, don ba ya buƙatar haƙarƙari ko ɗinki. Na gwada ɗinkin Japan mai huda huɗu a gefe, yana da kyau a ido, sai dai ba ya buɗewa ya kwanta, saboda haka ya fi dacewa da takarda mara kauri, ba da shafin da zai ɗauki hoto ba.

Na sake yi wa mahaifiyata albam ɗin bayan wata bakwai, shafi biyar, bango shuɗi mai duhu, fure ɗaya tak a waje. A ƙarƙashin kowane hoto na bar farin fili mai faɗin yatsa biyu. Niyyata in ƙara ɗan ado a wurin daga baya. Da ta karɓa, ta rufe shi ta buɗe sau biyu, sannan ta tsaya a hoto na uku ta ɗora yatsa kan wata mata da ke tsaye a gefe, wadda ban taɓa sanin ko wace ce ba. Ta ce, ɗauko abin rubutu. Na ɗauko fensir, don tawada tana iya ratsa takarda. Ta faɗi sunan matar, ta faɗi yadda suke da ita, ta faɗi shekarar, ni kuma ina rubutawa a wannan farin filin. Muka wuce hoto na gaba. Kafin mu kai shafi na huɗu filin ya kasa, na koma na yanko 'yan katuna daga ragowar takardar ina zurawa cikin aljihuna, albam ɗin kuma yana rufuwa.