Kwas ɗin akanta na kyauta da na yi a waya, ga abin da na tarar a ciki

Shagonmu na kayan masarufi yana Agege, ba nisa da layin dogo, ni da kawuna muke zama, shi ne mai jari ni kuma littafi da na'urar POS suna hannuna. Kusan shekara uku abu ɗaya ke ci min tuwo a ƙwarya, ciniki Alhamdulillahi ana yi, tun safe har bayan isha'i mutane ba sa yankewa, amma duk ranar da za a je saro kaya sai ka ga kuɗin bai kai ba, sai an karɓo rabi a bashi wajen dila. Kuma ba wanda ke ɗauka a ɓoye, mu biyu ne kawai a shagon. Wani ɗan uwa da muke sallah masallaci ɗaya, yana aiki a wani ofis a Ikeja, shi ya ce min in nemi kwas ɗin akanta na masu farawa a intanet, akwai na kyauta da yawa. Na yi, na gama, shi ya sa na ce bari in rubuta wa 'yan uwa da ke tunanin shiga don su san me ke gabansu.

Maganar "kyauta" tukuna. Karatun kam kyauta ne, amma data taka ce, cajin waya naka ne, kuma kowa ya san halin wuta a Legas. Ni da dare nake sauke bidiyon, in rage ƙarfin hoton don kada ya cinye min data, washegari in kalla tsakanin azahar da la'asar lokacin da kasuwa ke ɗan lafawa. Wuraren da ake samun irin wannan kwas akwai OpenLearn na Open University ta Ingila, akwai edX inda ƙungiyar akantoci ta ACCA ta sa darussan masu farawa, akwai Alison, akwai Coursera. Galibinsu in kana son satifiket mai hatimi sai ka biya, sau da yawa kuma da dala, don haka kafin ka yi rajista ka duba da kyau me ke kyauta me ke na kuɗi. Sannan da Turanci ake koyarwa, wannan ba makawa. In Turancinka na sakandare ne ya isa, ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo, ka rage saurin maganar malamin, shi ke nan. Lissafin ciki kuma tarawa ne da ɗebewa da kaso cikin ɗari, duk wanda ya iya ba da canji a kasuwar Mile 12 ranar da motocin tumatir suka sauka wallahi ya fi ƙarfinsa.

Darasin farko jimla ɗaya ce za su yi ta nanata maka har ka haddace: duk abin da kasuwanci ya mallaka daidai yake da bashin da ake binsa haɗe da jarin mai shi. Misali kawu ya zuba naira miliyan 2, muka karɓo kayan dubu 500 a bashi, to shago na riƙe da dukiyar miliyan 2 da rabi, amma dubu 500 a ciki ba tamu ba ce. Kamar wasa, amma a nan na fara gane inda muke kuskure, don mu in muka ga shago cike da katan-katan sai zuciya ta ce duk namu ne. Abu na biyu da ya biyo baya shi ne shago daban, mai shago daban. Derika, wato gwangwanin awo, biyu na shinkafa da aka aika gida, madarar yara, kuɗin makarantar da aka zara daga aljihun tebur, duk sai an rubuta, don jari ne ke raguwa. Mu kuwa ba mu taɓa rubutawa ba, ai kayanmu ne.

Inda mutum zai sha wuya shi ne debit da kiredit, kuma ina roƙon duk wanda ya kai nan kada ya ajiye. Kwana huɗu na yi kaina na juyawa, dalili kuwa wayata ce ta ruɗa ni. Mu mun saba in kiredit alat ya shigo kuɗi ne ya ƙaru, debit alat kuma kuɗi ya fita, sai ga malami yana cewa in kuɗi ya shigo shago a rubuta shi a debit. Na ce kai, ko dai kuskure ya yi ne. Ashe alat ɗin da banki ke turo maka daga littafinsa yake karanto maka, ba daga naka ba. Kuɗin da ka ajiye a banki, a wajen banki bashi ne da kake binsa, shi ya sa idan ya ƙaru yake kiransa kiredit. A naka littafin kuwa dukiyarka ce, tana ƙaruwa ta debit. Ranar da wannan ya zauna min sai komai ya warware, debit hagu ne kawai, kiredit dama, ba ruwansu da alheri ko asara, kuma kowane ciniki sau biyu ake rubuta shi, inda ya fito da inda ya shiga. Kwastoma ta ɗauki buhun sukari bashi, kaya sun fita, sunanta ya shiga jerin waɗanda muke bi. Tsarin nan ba sabo ba ne, wani malamin lissafi ɗan Italiya mai suna Luca Pacioli ya buga bayaninsa tun 1494 a birnin Benis, kuma ba shi ya ƙirƙiro ba, abin da 'yan kasuwar garin ke yi ya tattara ya rubuta. Na ji daɗin sanin haka sosai, ilimin 'yan kasuwa ne tun asali.

Kallon bidiyo kaɗai ba ya koyar da wannan abu, sai ka ɗauki biro. Na sayi littafi mai bango mai tauri na ja layi a tsakiyar kowane shafi, duk aikin da suka bayar in yi shi da hannu, bayan nan in sake yinsa da cinikin shagonmu na ranar. Daga littafin shigar da ciniki na kullum za su kai ka leja, inda kowane abu ke da shafinsa, daga nan sai tirayal balans, wato ka tara duk hagu ka tara duk dama ka ga ko sun yi daidai. Nawa na farko bai yi ba, naira 4,500 ta ƙi fitowa, na bi shafi-shafi har ƙarfe ɗaya na dare da fitilar waya. Can na tuna wata dabara da aka faɗa a darasi, in bambancin ya rabu da 9 ba saura to mai yiwuwa lambobi ka juya. 4,500 a raba 9 ya ba da 500 cif. Na koma na duba, ashe 27,200 na taliya na rubuta 22,700 a ɗaya gefen.

Amma abin da ya fi komai amfani gare ni, wanda saboda shi nake wannan rubutun, shi ne bambancin kuɗin da ke aljihun tebur da riba. Kwas ɗin zai nuna maka cewa ciniki ana lissafa shi ranar da aka yi shi ko da ba a biya ba, haka kashe kuɗi ana raba shi a kan watannin da aka ci moriyarsa. A Legas mai gida kuɗin shekara yake karɓa a dunƙule, to mu watan da muka biya haya sai mu ce watan nan an yi asara, sauran wata goma sha ɗaya kuma mu manta da ita kamar a kyauta muke zaune. Haka firizar da muke sanyaya ruwan leda da lemo, an saye ta an wuce wajen, ba wanda ya taɓa tunanin kullum tsufa take yi kuma wata rana sai an sayi wata.

Da na gama sai na zauna na fitar da lissafin wata guda. Mun sayar da kayan dubu 900, sarinsu dubu 760, saura dubu 140, wannan ita muke kira riba tun da can. Na cire hayar wata dubu 50, na cire man janareto dubu 40, firiza ta dubu 360 na raba ta shekara biyar ya kama dubu 6 a wata. Abin da ya rage dubu 44. Abin da muka ɗiba na gida a watan, kaya da kuɗi, dubu 70. Sannan cikin dubu 900 ɗin nan kusan dubu 200 suna hannun mutane bashi, ba su shigo ba tukuna.

Bayan mun rufe shago na ajiye masa littafin a kan benci na ce, "Kawu, don Allah a duba nan." Ya sa tabarau ya bi layin da yatsa a hankali har ƙasa, ya ɗago ya ce, "Wato jarin muke ci kenan, ɗana?" Na ce, "E Kawu, dubu 26 a watan nan kaɗai." Ya yi shiru ya jima, sannan ya ce daga gobe a buɗe wa gida shafinsa, ko ashana aka ɗauka a rubuta, kuma da kansa ya fara, washegari da ya ɗauki sabulu biyu sai da ya tsaya a kaina har na rubuta.

Akwai abubuwan da ba za ka samu a ciki ba, gara ka sani tun yanzu. Misalansu da dala ne ko fam, kamfanoninsu na can ne, ba za ka ji maganar harajin VAT ɗinmu da ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020 ba, ba za ka ji hukumar haraji ta jihar Legas, LIRS, ko rajistar kasuwanci a hukumar CAC ba, waɗannan sai ka nema daban. In kwas ɗin na Amurka ne za su koya maka wata hanyar ƙiyasta kayan shago da ke ɗauka cewa kayan da suka shigo ƙarshe su suka fara fita, to ƙa'idar akanta ta ƙasa da ƙasa, IFRS, da Najeriya ta fara bi tun 2012 ba ta yarda da ita ba, shi ya sa na fi ba da shawarar na Ingila ko na ACCA, sun fi kusa da namu. Za ka kuma ci karo da lissafin kuɗin ruwa, wasu abin na sa su ja baya, ni dai na koye shi don in gane takardar da aka miƙo min kafin in sa hannu. Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa sati shida a waya sun mai da kai akanta. Mai son abin ya zama sana'arsa sai ya bi ta ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, ICAN, wadda aka kafa a 1965 kuma hedikwatarta na nan Victoria Island, tana da matakin jarrabawar ƙananan akantoci mai suna ATSWA da mai takardar sakandare zai iya farawa da shi, ko ya bi ta ɗaya ƙungiyar akantocin, ANAN, mai kwaleji kusa da Jos.

Wani abu da ya taɓa min zuciya, ina cikin gyara littafin masu bashi na tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mun sha jinta a tafsirin azumi amma namu bashin rabi a ka yake, rabi a bayan kwalin sigari da murfin katan. Yanzu kowa da shafinsa da kwanan wata, kuma rigimar "ai na biya" ta ragu sosai. Zakka ma haka, da ƙiyasi kawai kawu ke yi, bana kuwa kaya da kuɗin hannu da na banki da bashin da muke sa ran karɓa duk suna shafi ɗaya, malam kawai za a kai wa ya duba a fitar da ɗaya cikin arba'in.

Lahadin ƙarshen wata ba ma buɗewa sai bayan azahar yanzu, da safe ƙirgar kaya muke yi katan bayan katan, kawu na faɗa ina rubutawa. Na wannan watan akwai madarar gwangwani katan uku da kwanan watansu ya kusa, na riga na jawo su gaba.