Kada sitikar i7 ta raba ku da kuɗinku

Ƙannena masu tara kuɗin laftop, musamman ku da kuka samu gurbin karatu a BUK: idan kun shiga Beirut Road, inda ake sayar da kwamfutoci a Kano, abin da zai fara cika muku kunne shi ne "wannan i7 ce, Alhaji." i7 sunan ajin furosesar Intel ne, wato abin da ke sarrafa duk aikin laftop, kuma a suna tana sama da i5 da i3. Da wannan magana aka ci ni. Na biya ko duba lambar da ke bayan sunan ban yi ba. Ashe i7-7500U ce, ƙwaƙwale (cores, sassan da ke raba aiki a tsakaninsu) biyu kacal gare ta. Abokina ya ɗauki i5-8250U, na yi ta masa kallon wanda ya sayi ƙarama, alhali tasa ƙwaƙwale huɗu ce. Duk ranar da muka zauna haɗa bidiyo, shi ya gama ya tafi sallah, tawa tana nan tana huci. Shekara ɗaya ce fa tsakaninsu, tawa ta 2016, tasa ta 2017.

Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ke nuna zamanin furosesar: 7500 na bakwai, 8250 na takwas. Daga na goma zuwa sama, lambobi biyun farko ake karantawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne yanzu, domin kusan duk furosesar Intel da ba ta kai zamani na takwas ba, Windows 11 ba ta karɓe ta a hukumance ba, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ku kuma lura da harafin ƙarshe. U mai tsimin batir ce, wajen watt 15, H kuwa ta aiki mai nauyi ce, takan kai 45.

Ban ce ku raina masu araha ba. Celeron N4020 watt 6 take ci, kuma idan aikinka rubutu a Word ne, cike fom da karanta PDF, za ta yi, batirinta ma yakan jure ranar da ba wuta. N100 da ta fito a 2023 ta fi ta nesa ba kusa ba. Matsalarsu, yawanci da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da laftop ke riƙe aikin da ke buɗe) 4GB ake haɗa su, sau da yawa a manne da allon cikin laftop (motherboard), ba halin ƙari. Ka buɗe Chrome da shafuka da yawa, sai ta tsaya tana kallonka. AutoCAD, manhajar zanen injiniyoyi, kuwa kada ma a fara.

A aikin yau da kullum, da wuya ka ji bambancin i3 ta zamani da i7. Abin da hannu ke ji shi ne SSD, ma'ajiyar fayiloli mai sauri. Da na cire tsohon faifai mai juyawa na sa SSD, na ƙara RAM ta kai 8GB, kunnawar da take ɗaukar lokacin shan shayi ta koma ƙiftawa da bisimilla.

Sai zafi. A watan Afrilu na Kano, furosesa idan ta ɗau zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka. Siririyar i7 a kan katifa sai ta koma tafiyar Celeron.

Kafin ku miƙa kuɗi, ku sa a kunna ta a gabanku, ku buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna kayan cikin laftop, ku karanta cikakken sunan furosesar da yawan RAM da idonku. Sitika ko a kan wace laftop ana iya manna ta.